Motar Radiyya a Shagon Ɗan Iya

Da farkon damina aka kawo motar, a bayan akori-kura, an ɗaure ta da igiya kamar saniyar da za a kai kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a. 'Yar ƙarama ce, fara, ba ƙofa ba taga, sai rumfa a sama da kujera. Ba ta shan mai, da batir take tafiya. An ce irinta masu kuɗi ke hawa a filin wasansu, kuma a Abuja mahaifin Radiyya ya samo ta gwanjo. Radiyya ɗaliba ce a jami'ar garin nan. Shan-inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana ƙarama, da wannan motar take zuwa aji ta koma masaukinta.

Rami ta faɗa. Abin da ya karye wani kunne ne a ƙasa, wanda ke riƙe sifirin ɗin baya a jikin ƙashin motar. Sai ta karkace gefe guda kamar mai ciwon kwankwaso.

A shagon ɗan Iya aka sauke ta. Haka nake ce masa. Ni na haife shi, shi ne na fari, amma tun da aka yaye shi Iya, uwar maigidana, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. Kowa Garzali yake kiransa. Ni dai ban taɓa ɗora harshena a kan sunan ba. Ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. Haka na tarar ana yi a Lajawa inda aka haife ni, haka uwata ta yi wa babbar yayarmu. Matan yanzu da yawa sun bari. Iya kuwa ko'ina ta zauna sai ta ce, "Asabe ai irin matan da ce. Kunyarta ta isa a raba wa unguwa."

Shagon nasa a jingine yake da katangar madafata. Akwai wata kafa a katangar, inda ruwa ya cinye ƙasa, ba ta fi tafin hannu ba. Ina girki, yana aiki. Ban taɓa leƙawa ba in akwai mai ganina. Shi ma ya san da kafar, kuma shekara da shekaru bai liƙe ta ba, alhali laka ba ta yi wa kowa wuya.

In yana son in ji magana, ƙanwarsa Bilkisu yake gaya wa, da ƙarfi.

Ran da ya shiga ƙarƙashin motar ya fito, Bilkisu ta kai masa abincin rana. Na ji yana cewa, "Bilkisu, kin ga ƙashin motar nan? Ba irin ƙarfen ƙofa ba ne. Alminiyum ne, ɗan'uwan tukunyarku. Ƙarfen ƙofa in ya ji wuta sai ya yi ja, ya gaya maka ya kusa. Wannan munafuki ne. Yana nan fari fat, sai dai ka ga ya zube."

"To ni ina ruwana, Yaya? Karɓi kwanonka, hannuna ya gaji."

"Wa ya ce ke nake gaya wa? Motar nake gaya wa."

Ya ci gaba. Ya ce injinsa ba zai kama shi ba, ko an yi waldar a sama za ta zauna, ba za ta shiga jiki ba. Ya ce injin da ke iya wannan sai Kano, kuma ko shi zafin wuta zai sa ƙashin ya yi laushi a gefen waldar, wata rana ya tsage. Ya ce shi ba zai sa mata wuta ba sam. Fallayen ƙarfe biyu zai yanka, ɗaya ciki ɗaya waje, su rungume ƙashin, sabon kunnen yana jikin na waje. A huda, a ɗaure da noti. A tsakani kuma a shimfiɗa robar cikin taya, don kada ƙarfen da alminiyum su ci juna in ruwa ya shiga.

"Yarinyar nan ba ta iya tsalle," in ji shi. "In ni ne abu ya karye, sai in dire. Ita fa?"

Bilkisu ta riga ta tafi. Ni kaɗai nake ji, ina tuƙa tuwo.

Ya yanka fallayen, ya huda su, ya goge bakinsu har ba sa yankan hannu. Na ji ƙarar ƙusa yana zana wa ƙashin motar alamar inda zai huda. Dogayen noti ne kawai babu, ya ce sai ya shiga Kano. Da yamma sai ga shi cikin gida da fallayen a hannu. Ina zaune ina tsince shinkafa. Ya karkata randata, ya tura su ƙarƙashi.

"Bilkisu, a gaya wa masu randar nan, kada a ba 'yan gwangwan."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Bilkisu, ki ce masa randar ba sito ba ce."

Ya yi dariya ya fita. Iyakar maganarmu ke nan. Bai shiga Kanon ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya hau masa kai, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi a rufe.

Ban yi kuka ba. Iya ce ta zauna a tabarma mata suka kewaye ta, ita aka yi wa gaisuwa. Ni ina kai ruwa, ina kwashe kwanuka, ina hura wuta. Wasu in sun zo wucewa sai su ce, "Sannu Asabe, ya haƙurin Iya?" In ce, "Da godiya." Na ji Iya tana gaya wa wata baƙuwa daga Dagumawa, cikin kukanta, "Kin ga Asabe? Ko idonta bai yi ja ba."

Aka raba kayansa. Riguna aka bayar sadaka, babur ya koma hannun Malam, maigidana. Ba abin da ya zo ɗakina, kuma ba zan iya tambaya ba. Fallayen nan kawai, waɗanda ba wanda ya san da su. Bilkisu ta manta. Kullum da safe in na zo ɗiban ruwa, sai in sa ɗan yatsan ƙafata in taɓa bakinsu. Sanyi gare su, sumul.

Bayan sadakar arba'in Malam ya kira ƙanensa Tasi'u. Shi ma walda yake yi, ƙofofi da tagogi, a wajen gada. Malam ya ce a buɗe shagon a sallami duk mai kaya a ciki, kada haƙƙin wani ya rataya a wuyan mamaci. Aka sallami kowa, saura motar.

Tasi'u ya samo wasu sandunan walda daga Kano, ya ce na alminiyum ne. Ya tada janareto. Ina madafa ina jin injin yana tofi yana tartsatsi, ba irin ƙarar da na saba ji ba, Tasi'u yana ta tsaki yana zagin ƙarfen. Ya yini a kai. Da ya gama ya gurje wurin, ya shafa farin fenti. Na leƙa. Wallahi ya yi kyau. Motar ta miƙe tsaf.

Sai na ji yana gaya wa Malam, "Yaya, in yarinyar ta zo, cewa zan yi Garzali ne ya gama kafin ya kwanta. Aikinsa na ƙarshe ne, a bar masa sunan. Ni ba na son ko godiya."

Malam ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Da kyakkyawar zuciya Tasi'u ya faɗa, na sani. Amma muciya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Motar za ta fita da abin da ya ce ba zai taɓa yi ba, kuma da sunansa. In ta tsage da yarinyar a kai, duk Wudil za a ce aikin marigayi ne.

Na gwada Bilkisu. Na ce, "Kin tuna abin da yayanki ya ce a kan motar nan?"

"Wanne daga ciki, Inna? Shi da bakinsa ba ya hutawa."

Na kai wa Malam abinci, na tsaya. Ya ce, "Da magana?" Na buɗe baki, sai na tuna zai tambaye ni a ina na ji. Na ce, "Gishirin ya ji?" Ya ce ya ji.

Ranar Asabar bayan la'asar Radiyya ta zo a adaidaita. Ta shigo cikin gida da sandunanta biyu, siririya ce, baki gare ta kamar gidan rediyo. Ta zube gaban Iya.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya karatu?"

"Alhamdulillahi. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ku. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ta saba, Hajiya, ba ta zuwa ko'ina."

Har Iya sai da ta yi murmushi. Radiyya ta dube ni, ta dubi Iya, ta ce, "Wace ce mahaifiyarsa?"

Iya ta ce, "Ni ce."

"Ɗanki mutumin kirki ne. Ce min ya yi in ya gama gyaran nan, har jikokina sai sun hau. Na ce masa ya fara samo min mijin tukuna."

Ta yi sallama ta fita. A ƙofar gida maza na zaune a tabarma, Malam da maƙwabta da ladanin masallacinmu. An turo motar waje. Daga madafa na ji Tasi'u yana cewa, "Ga ta nan. Marigayi ya gama miki ita kafin ya kwanta, fenti kawai na shafa." Na ji Radiyya tana cewa, "Allah sarki." Na ji ƙarar sandunanta tana jingine su a jikin kujera.

Randar cike take. Ban san da wane ƙarfi na karkata ta ba, ruwa ya zube min a ƙafa. Na zaro fallayen, na ja mayafi, na bi ta zaure. Tun da aka gina shagon nan ban taɓa tsayawa a bakinsa ba.

Tasi'u ne ya fara ganina. Tsakanina da shi akwai wasa, irin na matar wa da ƙanen miji.

"A'a, matar Yaya! Yau kuma mu aka tuna? Ko murfin tukunya aka kawo a liƙe?"

Na ce, "Ba a gama ba."

"Me ba a gama ba?"

"Motar. Waɗannan za a sa. Ba a sa mata wuta."

"Ikon Allah. Yaya, ashe da injiniya kake kwana ba mu sani ba. In ji wa?"

"In ji shi."

"Shi wa? Mu maza da yawa ne a gidan nan."

"Ɗan Iya."

"Ɗan Iya ai ni ne. Ga Yaya ma ɗan Iya ne. Wanne a ciki?"

Maza suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, sun ɗauka wasan da muka saba ne. Radiyya tana kan kujera, hannunta a kan sitiyari, tana kallona.

"Ɗana!" na ce.

Ban san muryata tana kai haka ba. "Ɗana ne ya yanka su. Ɗana ya ce ba a yi mata walda, a sama take zama ba ta shiga. Ya ce ɗaya ciki ɗaya waje, a ɗaure da noti. Ya ce yarinyar nan ba ta iya tsalle. Bai gama ba, Tasi'u, kada ka ce ya gama. Kada ka ɗora masa."

Daga nan ban san me na ƙara faɗa ba. Kukan da ban yi ba ran da aka fita da shi, shi ya zo, a bakin titi, gaban ladan, gaban mai adaidaita, gaban mata masu dawowa daga niƙa. Mayafina ya zame. Majina tana zuba, hannuwana riƙe da ƙarfe, ba halin sharewa. Malam ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Dariya ta ɗauke.

Sai muryar Iya daga zaure.

"Asabe! A titi?"

Na ajiye fallayen a ƙasa, na wuce ta gefenta ban kalle ta ba. Na shiga madafa na durƙusa a bakin murhu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta kafar katanga nake jin sauran. Tasi'u yana cewa shekara nawa yana walda, ƙofar gidan wa ta taɓa faɗuwa. Wani yana ba shi haƙuri. Sai Radiyya ta ce, "Baba, don Allah a sa su. Ni zan hau, ba ku ba."

"Sai fa an kankare aikina duka."

"A kankare. Zan jira."

Radiyya ta sauka, Tasi'u ya tura motar cikin shago da fushi. Ya sa jak, ya kwanta a ƙasa. Na ji ya ce, "Ku zo ku gani da idonku, sai na yini kafin in cire wannan." Ya sa kurfi a bakin waldar, ya buga guduma. Sau ɗaya. Wani abu ya faɗo ƙasa, ƙwal. Na leƙa. Waldar ce duka ta ɓantale, guda ɗaya, kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Kunnen ya saki, sifirin ya sauka.

Ladan ya tashi ya ce lokacin alwala ya yi, alhali da saura. Maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na ji tausayin Tasi'u har cikin raina. Ni na jawo masa wannan a gaban mutane, shi da ya yi don Allah.

Ya daɗe a kwance. Sai na ji yana kankare fentin a hankali. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ga alamar ƙusarsa nan." Ya ɗora fallen. Ramukan suka hau kan alamun daidai.

Sai ya matso da bakinsa kusa da katanga, daidai kafar, ya rage murya.

"Matar Yaya."

Na tura itace cikin murhu. Ashe shi ma ya gane ta inda nake ji.

"Matar Yaya, na san kina nan. Haka kawai ya ce a ɗaura su, ƙarfe a kan alminiyum?"

Na ce, "Da roba a tsakani. Ta cikin taya."

"Ciki da waje?"

"Ciki da waje."

"To."

Washegari ya zo da injin huda da dogayen noti daga shagonsa. Bai tada injin walda ba. Kafin azahar ya gama. Da Radiyya ta dawo, na ji yana gaya mata, "Yankan nasa ne, awon nasa ne. Ni ɗaurewa kawai na yi." Ta ce a kira mata ni ta yi godiya. Na ce wa Bilkisu ta ce ina wanka. Ta kafar na ga motar ta fita, ba ƙara, sai ɗan kukan taya a kan yashi. Fallayen suna can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Labari kuwa ya riga motar zaga unguwa. Da na je niƙa, wata ta ce, "Ku matsa wa uwar Garzali." Wata daga baya ta ƙanƙance murya ta ce, "Ɗana!" Aka tuntsire. Wata tsohuwa ta tsawata musu, amma ita ma sai da ta ce min, "Asabe, ke ce kuwa?" Tun daga ranar Bilkisu nake aikawa. An yi suna a maƙwabta ban je ba. Malam bai taɓa tayar min da maganar ba, wannan ya fi min ciwo a kan ya yi faɗa. Har yau in na tuna mayafina a ƙasa da fuskar ladan, sai in ji zafi ya taso min daga wuya.

Iya ta daina yabona. Ta daina yi min magana ma, sai ta bakin Bilkisu. Damina ta yi nisa, hanyoyi suka lalace, ramuka suka cika da ruwa. Duk wanda ya shigo gidan da sauri sai gabana ya faɗi. Amma Bilkisu takan ce ta ga Radiyya ta wuce ta bakin kasuwa, tana tsallake ramuka tana yi wa 'yan acaɓa tsiya. Tasi'u ya ce ya tare ta sau ɗaya ya leƙa ƙasa, ko noti ɗaya bai motsa ba.

Wata rana da hantsi, bayan an fara yankan gero, ina shara a ƙofar ɗakin Iya. Ba kowa a gidan sai mu biyu. Tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa.

Ta ce, "Asabe."

Na ce, "Na'am, Iya."

"Abin da kika tara tun kina amarya, kin zubar da shi a titi saboda ƙarfe biyu."

"Haka ne, Iya."

Ta ci gaba da shafa man. Na ci gaba da shara.

"Motar tana tafiya dai?"

"An ce tana tafiya."

"Ba ta karkace ba?"

"An ce ba ta karkace ba."

Ta rufe kwalbar man, ta tura ta ƙarƙashin matashi.

"To. Miƙo min butar can."